ALHERI KUƊI NE DA ZA A SAYI DAƊI DA SHI?

Akwai wata tambaya da kowane mai-hankali ya kan yi wa kansa, ko da bai faɗe ta a fili ba. In mutum ya bar mugunta, ya kama hanyar kirki da zuciya ɗaya, ko duniya ta zama mai-riƙon bashinsa ke nan, tilas ta biya shi da zaman daɗi? In kuwa ba ta biya ba, an cuce shi ne? Muna so mu duba wannan magana ta wurin wani wasan kwaikwayo na talabijin da aka yi a Amurka, gama masu wasan sun yi shekaru suna kokawa da ita, kuma inda suka yi tuntuɓe, nan ne mu ma mu kan yi.

Sunan wasan Once Upon a Time. Da waɗannan kalmomi Turawa su ke buɗe tatsuniya, kamar yadda mu ke cewa ga ta nan ga ta nanku. Mutum biyu ne suka ƙago shi, Edward Kitsis da Adam Horowitz. Tashar ABC ta fara nuna shi ran 23 ga Oktoba, 2011, ya ƙare a watan Mayu na 2018, bayan zango 7 da kashi 155. Dabarar masu wasan ita ce, suka tattara mutanen tatsuniyoyin Turai wuri ɗaya, suka ce wata muguwar sarauniya mai-suna Rejina ta yi musu sihiri, ta kwashe su daga ƙasarsu ta zuba su a wani ƙaramin gari na Amurka, Storybrooke, inda suka yi shekara 28 ba su san ko su wane ne ba. Sai Emma, 'yar Snow White, wadda aka tserar da ita tana jaririya, ta zo ta karya sihirin. Ba su tsaya ga tatsuniyoyi kaɗai ba. Kaɗan kaɗan suka riƙa jawo labarun Helenawa, watau mutanen ƙasar Girka na dā: sarki Midas wanda duk abin da ya taɓa ya kan zama zinariya, da Medusa mai-gashin macizai, da akwatin Fandora. A 2016 kuwa suka kai mutanensu har ƙasar matattu, wurin Hades sarkinta.

Miya biyu a tukunya ɗaya

Kafin mu ga abin da ya faru, bari mu duba irin kayan da aka haɗa, gama halinsu ba ɗaya ba ne.

Tatsuniyoyin Turai da aka fi sani, da yawa cikinsu 'yan'uwa biyu ne na ƙasar Jamus suka tattara su, Yakubu da Wilhelm Grimm, littafinsu na fari ya fito a 1812. A cikin irin waɗannan labaru lissafi ba ya kuskure. Yarinya mai-haƙuri ta kan auri ɗan sarki, mai-mugunta kuwa ya kan sha hukunci tun a gaban idonmu. Sarauniyar da ta nemi ran Snow White, takalman ƙarfe aka gasa a wuta aka sa mata, ta yi ta rawa da su har ta faɗi matacciya. Mu ma mun san irin wannan lissafi. Tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa haka ta ke tafiya: marainiya ta sha wuya ta dawo da dukiya, 'yar gata ta bi sawunta da rashin kunya ta dawo da abin kunya. Ƙurunƙus, yara su kwanta da farin ciki, gama kowa ya karɓi daidai aikinsa.

Labarun Helenawa ba haka su ke ba. A waƙar Homa ta yaƙin Taroya, Hekta shi ne mutumin kirki na birnin, mai-ƙaunar matarsa da ɗansa, mai-tsaron jama'arsa. Duk da haka Akilis ya kashe shi, ya ɗaure gawarsa a bayan karusa ya ja ta cikin ƙura, har tsohon ubansa ya zo da dare yana roƙon gawar. Faris kuwa, wanda ya jawo yaƙin da ya ɗauke matar wani, sa'anda mijin matar ya kusa kashe shi, wata allahiya ta sure shi ta kai shi ɗaki lafiya, domin tana sonsa. Ga kuma Orfiyus mawaƙi, wanda maciji ya sari amaryarsa Yuridisi ta mutu. Ya bi ta har ƙasar matattu, ya yi waƙa har zuciyar Hades ta yi taushi, aka ba shi ita bisa sharaɗi ɗaya, kada ya waiwaya sai sun fita. Suna gab da fita ya waiwaya, ta koma, bai ƙara samunta a duniya ba. Haka Obid, mawaƙin Roma, ya ba da labarin wajen shekara ta 8 bayan haihuwar Almasihu. Laifin Orfiyus bai wuce ɗokin ƙauna ba, amma hasararsa ta dukan sauran ransa ce.

To, ga miya biyu. Ɗaya tana cewa, yi nagarta za ka ji daɗi. Ɗaya tana cewa, akwai rashin da nagarta ba ta hana shi, kuka kuma ba ya mayar da shi. Wanda ya zuba su a tukunya ɗaya, lalle wata rana sai ya zaɓi wadda za ta rinjaya.

Rejina da Huk

Mutum biyu ne a wasan za su nuna mana maganar. Ta fari Rejina ce. Ba a haife ta muguwa ba. Tana budurwa ta ƙaunaci wani yaro mai-kiwon dawakin gidansu, uwarta ta kashe shi a gabanta domin tana so ta aurar da ita ga sarki. Snow White, tana ƙaramar yarinya a lokacin, ita ce ta yi suɓul da baka ta faɗa wa uwar asirin. Daga nan Rejina ta ƙulle ta a zuci. Ta sa aka hallaka ƙauye guda, ta kashe ubanta da hannunta domin sihirinta ya ci. Amma a Storybrooke ta ɗauki wani jariri riƙo, Henri, ƙaunar yaron nan kuwa ta fara narkar da ita. Sannu a hankali ta bar mugunta, ta zama abokiyar waɗanda ta zalunta, ta kuma sami mai-ƙaunarta, Robin Hud.

Amma akwai wani tsoro da bai rabu da ita ba. A duniyar tatsuniya mugu ba ya gamawa da daɗi, ita kuwa an riga an rubuta ta cikin miyagu. A zango na 4, tsakanin 2014 da 2015, ta shiga neman marubucin littafin tatsuniyoyin domin ya sāke mata ƙarshen labarinta. A ganinta ta biya kuɗin, saura a ba ta kayan.

Na biyun shi ne Kyaftin Huk, ɗan fashin teku, wanda ya yi shekaru masu-yawa yana neman fansa, shi ma ya kashe ubansa. Ya tuba, ya ƙaunaci Emma, a ƙarshen 2015 kuwa ya ba da ransa domin ya ceci garin. Emma ta ƙi haƙura. Ta ɗebi iyayenta da ɗanta da Rejina da Robin, suka gangara ƙasar matattu domin su dawo da shi. Masu wasan da kansu sun tuna da Orfiyus a nan, amma suka juya labarinsa, suka ce shi da Yuridisi sun tsira ta wurin cin abincin alloli. Emma da Huk suka nemi abincin, suka tarar an sare itacen, ya bushe. Ba dama. Suka yi sallama da hawaye, ta hau zuwa duniya, shi ya zauna cikin matattu. Da a nan aka tsaya, da mun ce miyar Helenawa ta rinjaya.

Ga abin da ya biyo baya a kashin da aka nuna ran 8 ga Mayu, 2016. Hades ya fito duniya, ya auna Rejina da wani makami wanda, bisa ga faɗarsa, ba jiki kaɗai ya ke kashewa ba, har kurwa ya ke shafewa. Robin ya tsaya a gabanta, makamin ya same shi, ya mutu nan take, ya bar ɗa ƙarami da jaririya. Aka hallaka Hades. Can a ƙasar matattu kuwa, Huk ya taimaka wajen tono asirin yadda za a ci nasara a kansa. Saboda haka Zeyus, babban allahn Helenawa, wanda masu-karatun Ayyukan Manzanni suka sani da sunan Zafsa, ya sāka masa, ya mayar da shi cikin masu-rai. A makabarta Emma ta gan shi, bayan jana'izar Robin. Rana ɗaya, wuri ɗaya, wata ta karɓi nata daga kabari, wata ta sa nata a ciki.

Ina lissafin?

Yanzu sai mu yi tambaya irin ta mai-awo. Da wane mudu aka auna? In mun ce Huk ya dawo domin ya ba da ransa saboda waɗansu, ai Robin ma abin da ya yi ke nan. In mun ce Rejina tana girbin abin da ta shuka ne, gama alhaki kwikwiyo ne, to, hannun Huk ma da jini. Banda haka, ba Rejina aka kashe ba. Wane laifi yaron nan da jaririyar suka yi da za su zama marayu domin a hori wata? Ko ta ina aka juya shi, lissafin ba ya fita.

Abin da ya faru shi ne, masu wasan sun ɗauki halin allolin Helenawa, masu-sure wanda su ke so su bar saura, suka sa masa rigar tatsuniya, suka kira shi lada. Nan ne tuntuɓen ya ke. Da sun ce kyauta ce aka yi wa Huk, wadda bai fi kowa cancanta ba, da babu abin cewa, gama mai-kyauta ba ya bin ka'idar mai-biyan bashi. Amma da aka ce sakamako ne, sai mutuwar Robin ta zama kamar shaida a kansa, ko a kan matar da ta ke kuka dominsa.

Duk da haka ba za mu hana masu wasan yabon da ya dace da su ba. Ba su mayar wa Rejina da mutuminta ba, ba su kuwa mayar da ita muguwa ba. Ta ji zafi ƙwarai, tsohon hali ya motsa a cikinta, har ta nemi ta fizge muguntarta daga jikinta ta hanyar wani magani ta hallaka ta. Wannan bai yiwu ba, sai daga baya ta koyi zama da tarihinta ba tare da ta koma gare shi ba. Ta ci gaba da tsaron garin da kuma renon ɗanta, hannu wofi. A ganinmu wannan shi ne wuri mafi gaskiya cikin dukan wasan, ya fi rawanin sarautar da aka ɗora mata a kashin ƙarshe a 2018. Gama sai a ranar da lada ya yanke a kan san ko mutum ya tuba ne ko ciniki ya ke yi.

Ɓarna uku

Wani zai ce, ai wasa ne kawai, me ya kai mu ga dogon bincike? Amsa ita ce, tunanin da ke cikinsa yana zaune a gidajenmu tun kafin a ƙera talabijin, kuma yana yin ɓarna iri uku.

Ta fari tana kan mai-tuba. A ce mutum ya yi shekaru yana shan giya yana dūkan iyalinsa, sa'an nan ya bari. In an koya masa cewa barin zai kawo masa arziki da lafiya, ran da gonarsa ta ƙi, ko ɗansa ya kwanta ciwo, me zai ce? Zai ce an ruɗe shi, ya koma inda ya fito, ƙarshensa ya fi farkonsa muni. Wanda ya ke yin gaskiya a kasuwa domin an ce masa gaskiya tana kawo riba, ran da ya ga mai-algus ya gina soro shi yana cikin haya, mudunsa zai fara ƙanƙancewa.

Ta biyu tana kan mai-shan wuya. In kowane daɗi lada ne, ashe kowace masifa hukunci ce. Daga nan ne a kan sami masu-raɗa a gidan makoki, masu-cewa wa ya san abin da ta yi. Matar da ba ta haihu ba, da mutumin da 'ya'yansa suka mutu bi da bi, su kan ɗauki kaya biyu, na rashi da na zargi. Masu-karatunmu sun san abokan Ayuba. Kwana 7 suka zauna tare da shi ba su ce kome ba, a nan suka yi daidai. Da suka buɗe baki, lissafin tatsuniya suka kawo masa, cewa lalle akwai laifin da ya ɓoye, a ƙarshe kuwa su aka tsauta wa. Tambayar da aka yi a kan Ayuba tun farkon littafinsa ita ce tamu ta yau, ko domin riba ya ke riƙe da adalcinsa.

Ta uku tana kan mai-jin daɗi. Wanda rumbunsa ya cika, 'ya'yansa suka girma lafiya, in ya ɗauka hakkinsa ne aka biya shi, godiya ta kan fita daga zuciyarsa, tausayi kuma ya bi ta. Zai dubi matalauci ya ce ragonci ne, ya dubi majiyyaci ya ce alhaki ne. Da Emma za ta ce ƙaunarta ce ta fi ta Rejina ƙarfi, shi ya sa nata ya dawo, da ta yi babban zalunci.

To, mu yar da tatsuniya?

A'a. Akwai iyaye da za su ce, in ba mu gaya wa yara alheri yana da lada ba, me zai sa su yi shi? Maganarsu tana da nauyi, kuma tatsuniya ba ƙarya zalla ba ce. Sau da yawa mai-gaskiya ya kan sami amincin mutane, mai-haƙuri ya kan ga bayan wuya, mai-gina ramin mugunta ya kan faɗa ciki. Kakanninmu da suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, sun ga abin da suka gani. Har yanzu kuma, zafin da mu ke ji sa'anda Robin ya faɗi shaida ne cewa zuciyar ɗan adam ta san yadda ya kamata abubuwa su kasance. Tatsuniya tana kiyaye wannan sani, tana koya wa yaro ya ƙi zalunci ya so gaskiya. Kuskurenta ɗaya ne, ta kan sa ranar biya, ta ce kafin a tashi daga hira kowa zai karɓi nasa.

Helenawa kuma sun ga rabin gaskiya. Sun san mutumin kirki ya kan faɗi, ba su kuwa ɓoye wa 'ya'yansu ba. Amma wanda ya sha miyarsu ita kaɗai yana iya cewa, tun da shi ke alloli son kai su ke yi, mutuwa kuma ba ta zaɓe, me amfanin wahala? Ko su ma ba dukansu suka yarda da haka ba. Homa bai rufe waƙarsa da nasarar Akilis ba, da jana'izar Hekta ya rufe ta, yau kuwa kusan shekara 2,700 ana tunawa da wanda aka ja cikin ƙura da girmamawa fiye da wanda aka sure aka kai ɗaki.

Saboda haka abin da mu ke gani shi ne, a ba yaro tatsuniya yana ƙarami, yadda a ke ba shi kunu kafin tuwo, amma kada a bar shi a kanta har ya yi gemu. In yaranmu suna kallon irin wannan wasa, kada mu wuce su kawai. Mu zauna mu tambaye su, wa ya fi, Huk da ya dawo ko Robin da bai dawo ba? Da Robin ya san ba zai dawo ba, ya kamata ya kauce? Yaron da ya amsa cewa bai kamata ba, ya riga ya gane cewa ana yin abin kirki domin shi ne daidai, domin kuma akwai wani a bayanka wanda makamin zai sama in ka kauce.

Harshenmu ma yana da taimako a nan. Abin da mutanen wasan su ke nema, ƙarshe mai-daɗi ne: aure, da sarauta, da zama lafiya. Amma sa'anda dattijo ya yi mana fatan kyakkyawan ƙarshe, ba wannan ya ke nufi ba. Yana nufin mutum ya cika yana riƙe da amana, bai saki gaskiya ba, bai bar mugun suna ba. Ana samun wannan a kan gadon asibiti, ana samunsa a bukkar da ruwa ke zuba. Ƙarshe mai-daɗi ba a hannunmu ya ke ba, in ya zo mu karɓa da godiya kamar baƙon da ba mu aika masa ba. Kyakkyawan ƙarshe kuwa, da taimakon Allah, kowa yana iya nemansa tun daga yau.

Ya ku 'yan'uwa, bari kowa ya binciki zuciyarsa. Alherin da mu ke yi wa maƙwabci, da gaskiyar da mu ke riƙe da ita wurin aiki, da mugun halin da muka bari, muna rubuta su a takarda muna jiran ranar biya? In haka ne, ranar da biyan ya yi jinkiri za mu gane cewa 'yan ƙodago ne mu. Sa'anda kuma muka shiga gidan da aka yi rashi, mu bar mudunmu a ƙofa. Mu zauna, mu yi kuka tare da su, mu ɗebo musu ruwa, mu duba abin da marayu za su ci gobe.